Taken Hayatu a Jega

Atika ba ta so zuwa Jega ba. Duk wanda ya san ta a Jiga Birni in ya ji haka sai ya yi dariya, domin tun tana amarya take damun mijinta Hayatu ya kai ta Jega ranar biki, ta ga kasuwa da gulbi da gadar nan da kowa ke ba da labari. Shi kuwa kullum amsarsa guda ce, sai an kwashe albasa. Aka yi ta kwashe albasa, aka yi ta kwashewa, har 'ya'yansu suka yi aure, furfura ta leƙo mata a goshi. Sai bana da albasa ta yi kyau, ƙanwarsa Gudiya da ke aure a Jega ta aiko cewa za a yi bikin nuna amfanin gona, makaɗa za su taru daga ko'ina, lalle ya zo musu da matarsu. Hayatu ya shigo gida da fara'a ya ce ta wanke zanenta na fita, alkawari ya zo cika. Ita kuwa nan take ta fara neman hanyar zillewa.

To, ga dalili. Hayatu ɗan tauri ne, kuma ba irin masu cika baki a bakin kasuwa ba. Zamanin ƙuruciyarsa, daga Aliero har Maiyama babu wanda bai san shi ba. Ya goga wuƙa a ciki ta lanƙwashe, ya ɗora aska a harshe ta dakushe. Mutum ne da bai taɓa duban ƙasa in yana tafiya ba, ƙusa ce ko tsohon gwangwani takewa yake ya wuce, sai dai su su ji jiki. Yana da makaɗinsa, Ɗanbaba na Maiyama, wanda ya yi masa take tun yana saurayi. Taken nan shi ne abin tsoro. In Hayatu ya ji shi, to ba Hayatu ba ne kuma. Jikinsa zai ɗauki tsuma, idonsa ya juye, ba ya jin kira, ba ya gane kowa, sai ya isa gaban ganga ya sa wa jikinsa ƙarfe sannan ya dawo hayyacinsa. Atika ta taɓa ganin ya saki loma a akushi ya tsallake danga, don kawai iska ta kwaso masa kiɗan daga wani ƙauye.

Rana ɗaya ce ta taɓa jin gangar Ɗanbaba ta yi magana ba wanda ya tsuma, ranar da ubangidan Hayatu a tauri ya rasu. Ɗanbaba ya zo ƙofar gidan, ya sassauta igiyoyin ganga har fatar ta saki, ya kaɗa taken mamacin a hankali, da wata dusasshiyar murya mai kashe jiki. 'Yan tauri suka zare wuƙaƙensu suka ajiye a ƙasa. Haka su Hayatu ke yi wa nasu in ya mutu, kuma daga ranar ba a sake kaɗa taken nan.

Abin da Gudiya ba ta sani ba, Ɗanbaba ma bai sani ba, shi ne Hayatu ya bar tauri. Tun daminar bara ya fara zama a zauren Malam Almustapha bayan sallar asuba, tsofai-tsofai da shi yana koyon abin da bai koya ba yana yaro. Wata safiya Atika na shara bayan rumbu ta tarar da toka, cikinta guntayen fata ƙonannu da zobban kambunsa. A gefe ga ƙoƙo da sauran wani jiƙo mai ɗaci, wanda ko ba a faɗa mata ba ta san makari ne, abin da ake sha a warware magani daga jiki. Bai ce mata komai ba, ita ma ba ta tambaya ba. Namiji irin Hayatu ya buɗe baki ya ce yanzu jikina kamar na kowa ne? Haba. Sai lokacin yankan ganyen albasa ya dawo daga fadama da babban yatsan hagu ɗaure da tsumma, ya ce ɗankarkare ne ya kama shi. Ta ce Allah ya sawwaƙe. Da ta zo wankin rigarsa ta ga aljihu ya bushe ƙamas da jini, kuma a iya saninta ɗankarkare ba ya zubar da jini ranar da ya fito. Wuƙar albasa, 'yar mitsitsiyar wuƙar da kowa ke yarwa a bakin gona, ita ta ci Hayatu.

Shi ya sa maganar Jega ta hana ta sukuni. Magani ya fita daga jikinsa, amma wa ya ce take ya fita daga kunnensa? Ta kawo uzurin ciwon gwiwa, ta kawo na awaki, ta ce zafin bazarar nan ba na yawo ba ne. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, yana kallon wani wuri daban:

"Na tambaya. Wasan maza sai ranar ƙarshe. Mu ko ran hwarko za mu, kahin la'asar mun kamo hanya."

Iyakar abin da suka taɓa faɗa wa juna kan zancen ke nan. Duk da haka, da safen tafiya ta zare wuƙarsa daga ƙarƙashin tabarma ta cusa ta can cikin dawa a rumbu.

Lokacin nan duk yankin Jihar Sakkwato ne, daga can ake tsara komai. A Aliero suka hau a-kori-kura, mata a kan buhunan albasa, maza a tsaye riƙe da ƙarfe. Ba su yi nisa ba wani sarkin surutu ya fara ba da labari, wai manya za su zo daga Sakkwato kuma yau kaɗai za su yi, don haka an tattara wasannin duka an maido su yau, kokawa da dambe da kiɗan noma, har da 'yan tauri. Mota ta ɗauki murna. Atika ta ɗaga kai ta dubi mijinta. Shi kuwa ya ƙura wa gonaki ido kamar bai taɓa ganin gona ba. Ta so ta ce a tsaya su sauka, to a ce me ya faru? Ta haɗiye maganar.

Jega kuwa ranar nan, kai, ba a magana. Tun daga tasha kiɗa ya tarbe su. Mutanen garin nan ko ba biki ba sa rabuwa da kiɗa, balle an ce yau ranarsa ce. Nan masu kalangu sun sa mahauta gaba, can mai gurmi zaune gindin dogon yaro yana yi wa direbobi waƙa, gaba kaɗan makaɗan noma sun jera manyan gangunansu a rana fata ta ɗauki zafi. Macen da ta tsufa tana mafarkin wannan rana ai da sai ta saki baki tana kallo. Atika kuwa kunne ta zama gaba ɗayanta. Cikin kiɗe-kiɗen nan duka guda ɗaya take nema, tana roƙon Allah kada ta same shi.

Gudiya ta tarbe su da guɗa tun daga zaure, tana tsokanar Atika wai ashe matarsu ta san hanyar birni, ita da ta ɗauka an dasa ta ne a Jiga Birni tare da albasa. Aka dama fura, Atika ta kai baki ta ajiye. Suka fito su uku, Hayatu a gaba hannu a baya, shi ne mai nuna gari. Wallahi abin da ya fi ci mata rai shi ne yadda yake murna. Ya nuna mata tsohon masallaci mai kaurin bango, ya ce kakansa ya yi sallah a ciki zamanin da fatake ke sauke jakuna a bakin kasuwa. Ya kai ta marina ta ga rijiyoyin baba da mutane masu shuɗɗan hannuwa. Ya ratsa da ita rumfunan goro da na gishiri, da layin masu bandar kifi daga Yawuri, yana faɗa mata sunan kowane kifi kamar shi ya kamo su. Gada kuwa ya ce sai ƙarshe, in rana ta yi sanyi, don ita ce babbar. Atika tana ta cewa iko sai Allah, amma da za a tsare ta a tambaye ta abin da ta gani da ba ta iya faɗa ba.

A layin maƙera aka fara gane shi. Wani tsohon maƙeri ya ajiye masaba ya yi masa jinjina, ya ɗauko sabuwar wuƙa da ko ƙota ba a sa mata ba ya miƙo, wai ya gwada masa ita a ga ko ƙarfen na kirki ne. Mutane suka fara taruwa suna dariya. Hayatu ma ya yi dariya, ya cusa hannun nan mai tsumma cikin aljihu, ya ce yau da iyali yake tafe. Suka wuce. Atika tana jin sunan mijinta ya riga su yin gaba, daga wannan rumfa zuwa waccan.

Nan Gudiya ta matso ta riƙo hannunta, fuskar nan cike da jin daɗi, ta raɗa mata:

"Matarmu, kar ki hwaɗa mai. Tun da sahe na aika ma Ɗanbaba cewa Yaya na tahe. Yau manyan Sakkwato za su san gidanmu da maza."

Ba mugunta ba ce, ina. Gudiya tun tana yarinya da sunan yayanta take taƙama, ko faɗa ake a bakin rijiya da sunansa take kashe bakin kowa. A ganinta gata ta yi masa. Ta saki hannun Atika ta ce bari ta yi gaba ta kama musu wuri a filin makaranta inda ake wasan, tun mata ba su cinye inuwa ba.

Atika ta tsaya tsakiyar kasuwa. Filin wasa yana can ciki, gulbi yana ta wannan gefen. Ita da ko rafin fadama in ya kawo ba ta yarda ta tsallaka, sai ga ta tana ce wa mijinta jirgi take son shiga. Ya juyo ya dube ta. Ta ce ai tun tana amarya yake mata labarin jirgin ruwa, yau kam sai ta shiga, a kai ta har ƙetare ta ga Jega daga nesa. Ya ce to. Daga saurin da ya yi ya juya ya nufi gulbi ta gane shi ma gudun yake yi.

Bakin gulbi da sauƙin hayaniya. Mata na wanki, jirage a jere an ɗaure su a turaku. Ruwa ya ja saboda bazara, amma tsakiyarsa baƙi ne wuluk. Mai jirgi ya danne mata gefe ta shiga tana salati, ta zauna a ƙasa ta ƙanƙame katako da hannu biyu, Hayatu ya zauna yana fuskantarta. Jirgi ya tashi, gari ya fara ja da baya, kiɗe-kiɗen suka cakuɗe suka zama gunji guda. Tun safe sai yanzu ta ja numfashi ya kai mata ciki. Har ta sami idon ganin balbelu a kan yashi, ta hango gadar can nesa, motoci na bi ta kanta 'yan ƙanana.

Abin da 'yar tudu ba ta sani ba shi ne ruwa ba ya tare kiɗa, kawo shi yake yi. Suna tsakiyar gulbi sauran gangunan suka yi shiru kamar an yi musu tsawa, sai guda ɗaya ta tashi. Ta san ta. Ko cikin barci aka kaɗa ta ta san ta. Ɗanbaba ne yake kiran Hayatu, kiɗan na tahowa bisa ruwa tar, kamar a cikin jirgin ake yinsa.

Ƙafarsa ta dama ce ta fara. Atika na kallon yatsun suna karkarwa cikin takalmi, rawar ta hau gwiwa, ta hau kafaɗa, har jirgin ya ɗauka yana tangaɗi, ruwa na fantsamowa ciki. Ya toshe kunnuwansa da hannu biyu. Ta ji yana karanto abin da ya koya a zauren Malam Almustapha, da ƙarfi, yana sarƙewa yana komawa farko. Ya yi ƙoƙari, wannan kam ita shaida ce ko gaban wa. Sai karatun ya yanke, hannuwan suka sauka, ya ɗago kai, idon da ta gani ba na mijinta ba ne. Ya ce wa mai jirgi ya juya. Atika ta ce kada ya juya, ta haɗa shi da Allah da Annabi. Mai jirgi ya dubi wannan ya dubi waccan, ya ga mutum na shirin miƙewa tsaye a tsakiyar ruwa, ya ce shi kam ba za a kifar masa da jirgi ba. Ya juya.

Tun jirgi bai taɓa ƙasa ba Hayatu ya dira cikin ruwa ya haura gaɓa da gudu. Atika ta biyo shi, laka ta riƙe mata takalmi ɗaya, ta fizge ƙafar ta bar shi nan. Kafin ta hau tudu ya ɓace mata. Ga ta a garin da ba ta sani ba, ba mai nuna hanya, sai gangar da ta wuni tana gudu, yanzu ita take bi. Ta shiga lungu ya ƙare mata a bangon wani gida, ta komo. Ta faɗa wani, jakuna ɗauke da itace suka cike shi, ta matse jikin bango ta wuce kirare na yagar mata hannu. 'Yan mata sun tare wata mararraba suna rawar kalangu, ta keta tsakiyarsu, suka bi ta da dariya wai ga 'yar ƙauye da takalmi ɗaya. Ƙasa ta ɗauki zafi tana gasa mata tafin ƙafa, ba ta ko ji. Abin da take ji kawai kiɗan na ƙara sauri, kuma ta san ma'anar saurin: ya iso.

Filin ya cika ya batse. An yi wa manya rumfa da kujeru, mai lasifika na ta zuba, 'yan doka sun ja igiya sun tare mutane. Ta kutsa tana ba da haƙuri tana ture na gabanta har ta isa bakin igiya. Ga shi can tsakiya. Ya yar da riga, wando jiƙe sharkaf, haƙarƙari a waje, gashin ƙirji fari fat. Wayyo, ashe haka ya tsufa ba ta lura ba. 'Yan tauri sun kewaye shi suna masa kirari, kuma wuƙar da ta ɓoye a rumbu ba ta tsinana komai ba, wani ya riga ya miƙa masa ta mahauta, doguwa mai walƙiya. Ta san yadda wasan ke tafiya. Zai fara nuna wa jama'a kaifinta, ya kewaya fili, in kiɗa ya kai ƙarshen tashinsa ya kawo ta ciki da iyakar ƙarfinsa. Tana kallo aka miƙa masa igiyar rama mai kauri, ya riƙe da hagu, ya ɗan shafa mata wuƙa, ta rabu biyu. Fili ya ɗauki sowa. Cikin mata ta jiyo guɗar Gudiya ta fi ta kowa tsawo.

Ta yi kururuwa? Wa zai ji. Ta faɗa fili ta riƙe shi? Mai tsuma bai san matarsa ba, bai san uwarsa ba. Mutum ɗaya ne a duk faɗin Jega yake riƙe da Hayatu, shi ne tsohon nan da ke tsaye gefen fili da ganga rataye a kafaɗa. Ta sunkuya ta bi ta ƙarƙashin igiya. Ɗan doka ya daka mata tsawa, ɗankwalinta ya maƙale ya zame, ba ta waiwaya ba. Ta ratsa 'yan amshi ta zube a gwiwa bayan Ɗanbaba. Tsakaninta da mutumin nan duk tsawon shekaru gaisuwa ce daga bayan danga. Abin da za ta faɗa masa kuwa asirin mijinta ne, wanda shi da bakinsa ya kasa faɗa mata a ɗakinsu. Ta san in ya fita ba ya komawa.

"Baba," ta ce, "don girman Allah. Ya sha makari. Ƙarhe na cin shi. Dubi yatsa nai."

Ɗanbaba bai juyo ba, hannunsa bai tsaya ba. Ta ɗauka bai ji ba, har ta buɗe baki za ta sake, sai ta tuna: ba a yanke wa mai tsuma kiɗa, in ganga ta tsaya kwatsam da kansa zai ƙarasa wasan, ya kai wuƙar cikinsa. Ta ga idon tsohon ya bi hannun hagun Hayatu. Tsumman ya jiƙe a gulbi ya kwance yana lilo, riƙon igiyar nan kuma ya buɗe ciwon, ja na bin tsintsiyar hannu. Hayatu ya gama kewaya, ya tsaya tsakiyar fili ya buɗe ƙafafu, ya kama wuƙa da hannu biyu ya ɗaga ta sama, tsininta na kallon cibiyarsa.

Sai Ɗanbaba ya sunkuyar da kai ya sa haƙori ya fizge ƙullin igiyar ganga. Bai daina kaɗawa ba. Fatar ta saki, muryar ganga ta faɗi, ta dushe, ta yi nauyi. Taken dai shi ne, na Hayatu, amma a hankali, a hankali, yadda Atika ta taɓa jin an yi wa wani a ƙofar gidan makoki. Hawaye na bin gemun tsohon yana kaɗawa.

'Yan tauri ne suka fara ganewa. Kirari ya mutu a bakinsu, suka dubi juna, ga taken mamaci ga mai take a tsaye. Babbansu ya dubi Ɗanbaba, ya dubi jinin da ke ɗiga, ya zare wuƙarsa ya ajiye a ƙasa. Na kusa da shi ya ajiye. Haka suka bi da ɗai-ɗai. Guɗar Gudiya ta yanke a tsakiya. Can cikin rumfa wani daga cikin manyan baƙi ya fara tafi, ya ɗauka cikin wasan ne, da ya ga shi kaɗai ke yi ya bari.

Wuƙar na nan a sama. Atika ta ƙura mata ido har ta fara ganinta biyu. Sai rawar jikin ta fara sauka yadda ta hau, daga kafaɗa zuwa gwiwa, daga gwiwa zuwa ƙasa. Hayatu ya karkata kai yana saurare. Idonsa ya dawo. Ya dubi wuƙaƙen da ke zube kewaye da shi, ya dubi makaɗinsa, sannan ya hango wadda ke durƙushe bayan makaɗin, kai ba ɗankwali, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ya sauke hannu a hankali, ya sunkuya ya ajiye wuƙar mahauta tare da sauran. Ya ɗauki rigarsa ya nufi igiya. Jama'a suka dare masa hanya, ba wanda ya yi masa jinjina, ba wanda ya ce masa sannu.

Ta bi shi daga nesa-nesa. Bai nufi gidan Gudiya ba, bai nufi tasha ba, sai ya kama babbar hanya ya yi wajen gulbi. Da ta ga ƙarafan gada sun bayyana gabansu sai wani sabon tsoro ya kama ta, wanda ya fi na ɗazu, domin yanzu a cikin hankalinsa yake. Mutumin da aka yi wa kiɗan mutuwa gaban duk Jega, me zai je yi kan gada? Ta ƙara sauri tana ɗingishi, kwalta na ƙona ta. Ya kai tsakiya ya tsaya, ya dafa ƙarfe yana kallon ruwa. Ta iso ta tsaya kusa da shi, kusan da in ya motsa za ta iya cafke rigarsa, ko da kuwa tare za su tafi.

Ya warware sauran tsumman ya sake shi, suka bi shi da kallo har ya sauka kan ruwa. Ya buɗe mata hannun, karo na farko, ta ga yankan a fili.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Tun ranar yankan albasa. Ni ka wanke maka riga."

Wata babbar mota ta wuce gadar ta girgiza ƙarƙashinsu.

"Kin san abin da kis sa anka yi min yau?"

"Na sani, Malam," ta ce. "Gara in ji kiɗan kana tsaye."

Yana kallon ruwa, ita kuma tana kallon hannunsa a kan ƙarfe. Can ya ja dogon numfashi, ya ɗaga yatsan nan mai ciwo ya nuna mata gaba, ya ce to ga gadar, wannan hanya ita ke zuwa Maiyama, in an miƙe har Yawuri. Ya nuna mata inda suka shiga jirgi, da rufin kasuwa, da kan tsohon masallaci. Sai a lokacin Atika ta ga Jega, tana gani tana kuka.

Da za su juya ya dubi ƙafarta da ta yi ja ta kumbura. Ya tuɓe takalmansa ya tura mata gabanta, ta ce a'a, ya ce ta sa. Suka kamo hanyar tasha, ita tana jan manyan takalma, shi a gaba ƙafa ba komai. A gangaren gada wani tsohon gwangwani na yashe a hanya, bakinsa a buɗe ya yi tsatsa. Hayatu ya tsaya ya dube shi, sannan ya kewaye shi ya wuce, idonsa a ƙasa yana duban inda zai taka.